Ba mu da mota a Ingila: ina za mu je yawon ƙafa a karkara?

Wani ɗan'uwa ya aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum. Ina karatun digiri na biyu a Bradford, tare da iyalina da yara biyu ƙanana. Ba mu da mota, zaman ɗaki kuma ya ishe mu. Kullum muna ganin hotunan tuddai da korayen filaye ana cewa kusa da mu suke. Akwai inda za mu je a jirgin ƙasa ko bas, mu yi tafiyar ƙafa, mu dawo gida a ranar? Kuma ba za a kama mutum da laifin shiga gonar wani ba?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya raya zuri'a. Akwai wurin zuwa, kuma bai kai nisan da kake zato ba. Ka je tashar Forster Square a nan Bradford ka hau jirgin Skipton, cikin minti 40 ko kusa da haka kun sauka. Wanda ke Leeds ma jirginsa na tashi akai-akai, tafiyar kusan ɗaya ce. Na daɗe ina fita da ɗalibai da 'yan'uwa yawon ƙafa a wannan yanki, kuma duk sabon shiga daga Skipton nake fara masa.

Skipton garin kasuwa ne tun asali. Har gobe kasuwarsa na ci sau huɗu a mako, Litinin da Laraba da Juma'a da Asabar, 'yan kasuwa su jera rumfuna hagu da dama a babban titi har zuwa bakin coci da ƙofar tsohuwar fadar garin. Abin da ya sa wannan ya shafe ka shi ne, garin da ƙauyuka ke cin kasuwarsa dole kowane ƙauye ya sami hanyar zuwa gare shi. Da farko hanyar ƙafa da ta kora tumaki, daga baya aka haƙa hanyar jiragen ruwa, aka shimfiɗa layin dogo, aka sa motocin bas. Duk suna nan, duk a Skipton suke haɗuwa. Ga shi kuma garin na bakin gandun Yorkshire Dales, wanda gwamnati ta keɓe tun 1954 don a kiyaye kyawunsa.

Kafin in shiga sunayen wurare, ga abin da ya fi su muhimmanci. Marar mota daga komawa yake fara shiri. Kafin ka duba kyawun wuri ko nisansa, duba ƙarfe nawa motar ƙarshe ke barin wurin, sannan ka duba wadda ke gabanta ka sa a ranka ita za ku hau. Ta ƙarshen ajiya ce, don ranar da yaro ya zauna a ƙasa ya ce shi ya gaji, ko kuka ɓata hanya. Akwai ƙauyen da motarsa ta ƙarshe ke tashi tun rana na sama, akwai wanda mota ke zuwa masa wasu ranaku kaɗai a mako. Babu acaba, babu A-daidaita-sahu. Tasi sai an kira ta daga gari, kuɗinta da zafi, wannan ma in wayarka ta sami sabis ɗin kiran. Jadawalin Lahadi daban yake da na sauran ranaku, na bazara daban da na hunturu, don haka wanda ka gani a wani tsohon shafi kada ka dogara da shi. Ka duba na ranar a shafin Traveline mai jadawalin motocin bas, ko shafin DalesBus na motocin yankin Dales, na jirgi kuma a National Rail, tun daren jajiberi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Dabarar da ke biye da wannan ita ce da safe ka hau motar da ba ta cika zuwa ba, ta kai ka can nesa, sannan ka tako da ƙafa zuwa inda motoci suka fi yawa. Da safe kai ke riƙe da lokaci, kana iya zuwa tasha da wuri. Da yamma gajiya da yara ke riƙe da shi, gara a ce inda za ku ƙare akwai jirgi kowane rabin awa. A nan ma ka fi mai mota morewa, don shi dole ya zagayo ya koma inda ya ajiye ta, kai kuwa kana iya sauka a wannan tasha ka hau a waccan, ba ka taka wuri ɗaya sau biyu ba.

Batun shiga gonar mutane, kwantar da hankalinka. A Ingila da Wales akwai hanyoyin da doka ta ba kowa ikon bi, in an haɗa tsawonsu ya kai kimanin mil 140,000, kuma da yawansu ta cikin gonaki da makiyayar mutane suka bi. Ka ɗauke su kamar burtali a gida: manomi na aikinsa hagu da dama, amma ba shi da ikon toshe hanyar. Sai dai a nan hanyar kan ratsa tsakiyar fili, wani lokaci ma ta tsakar gidan gona, ta gefen tarakta da tarin ciyawa, kuma hukuma na tsaye a kan a bar ta a buɗe. Za ka ga sandar katako an rubuta "Public Footpath" tana nuna inda za ka bi, ko ƙaramar kibiya rawaya a jikin ƙyaure. Rawaya ta masu ƙafa ce kaɗai. Shuɗiya na nufin doki da keke ma na bi. Haƙƙinka shi ne ka wuce, ka tsaya ka huta, ka ci guzurinka a gefen hanya. Ba ya haɗa da yawo ko'ina cikin filin, ko kafa tanti, ko hura wuta. Na ambaci wuta ne don na san mutanenmu, da an ce fita sai a fara neman gawayi da tsire. A bar wannan a gida, ciyawar tuddai na kama wuta in an kwana biyu ba ruwa.

A kan manyan tuddai da ba a nomawa akwai ƙarin dama. Dokar shekarar 2000 ta ba da izinin yawo a irin waɗannan wurare ko ba a kan hanya ba. Ba kyauta aka samu ba: a 1932 ɗaruruwan ma'aikata, yawanci daga Manchester, suka hau tudun Kinder Scout da gangan alhali masu ƙasa sun hana, aka yi arangama da masu gadi, aka ɗaure mutum biyar. Daga nan maganar ta yi ta ƙarfi har aka yi dokar gandaye ta 1949.

Abu ɗaya da zan ce lallai ka kashe kuɗi a kai shi ne taswirar Ordnance Survey, wato hukumar zana taswirorin ƙasar, mai lamba OL2. Ita ta ƙunshi duk wuraren da zan ambata. Santimita 4 a jikinta kilomita 1 ce a ƙasa, hanyoyin da doka ta halatta an zana su da koren layi mai tsinke-tsinke, kuma tana nuna katangu. Wannan na ƙarshe shi ne sirrinta, domin ƙasar nan duk an yanka ta da katangun dutse da aka jera ba siminti, kuma yawancin ɓatan hanya ba ya wuce mutum ya bi ta wancan gefen katanga maimakon wannan. Google Maps na da kyau a cikin gari, a makiyaya kuwa sai ya nuna maka fili kore fetal ba komai a ciki. In manhajar waya ka fi so, ka sauke taswirar tun a gida, ka riƙe fawa bank, don sanyi na shanye batir.

Fitar farko kada ta wuce cikin Skipton kanta. Daga tasha ka taka zuwa babban titi, ka haura har ƙarshensa. Fadar da ke wurin an fara gina ta wajen 1090, ta sha ƙawanya ta shekara uku a yaƙin basasar Ingila kafin ta miƙa wuya a 1645, ana biyan kuɗi a shiga. Amma bayanta akwai kurmi da ake shiga kyauta. Hanyar na bi tsakanin wani rafi da ɗan reshen hanyar ruwa da aka haƙa don ɗaukar dutse, fadar na can sama a kan gaɓa kamar za ta rufto. Zagayen bai wuce kilomita 3 ba. A watan Afrilu da Mayu ƙasan kurmin na cika da tafarnuwar daji, tun kafin ka ga ganyen warinta ya buge ka. Wannan fita gwaji ce: za ka ga iya tafiyar yaranka, ka ga takalman da ke shan ruwa, in abu ya ƙi kuma tasha na nan kusa.

Ta biyu ita ce Gargrave, kuma a nan za ka fara aiki da dabarar da na faɗa. Jirgin da ke tsayawa a Gargrave ba shi da yawa, don haka ka duba lokacinsa, ku hau daga Skipton, 'yan mintoci ne, sannan ku dawo da ƙafa ta gefen hanyar ruwan da ta haɗa Leeds da Liverpool. An gama haƙa ta a 1816, tsawonta mil 127, dawakai ke jan jiragen kaya a da, hanyar dawakan ce yanzu mutane ke bi. Daga Gargrave zuwa Skipton kimanin kilomita 8 ne, ba hawa ba gangara, ba kuma yadda za a yi ka ɓata tunda ruwan na gefenka. Keken yara na iya bi. Kafin ku bar Gargrave ku tsaya a ɗaya daga cikin ƙofofin ruwa ku jira jirgin ruwa ya zo. Siririn jirgi zai shiga wani ɗaki mai bango biyu, a rufe manyan ƙyamaren katako a bayansa, wani ya sauko da ƙarfe a hannu ya murɗa, ruwa ya fara ɓulɓulowa daga ƙasa, jirgin ya riƙa tasowa a hankali har ya yi daidai da ruwan gaba, sannan a jingina baya da doguwar sanda a tura ƙyauren ya buɗe. In ka yi fara'a sau da yawa masu jirgin kan bar yara su taya turawa. Ka dai riƙe hannun ƙaramin, bakin wurin ba shinge kuma ruwan da zurfi.

Inda na fi so ga iyali shi ne Grassington. Mota mai lamba 72 ke zuwa daga Skipton, tafiyar kamar rabin awa, kuma cikin motocin ƙauyukan nan tana daga waɗanda suka fi yawan tashi. Ku sauka a ofishin gandun da ke bakin garin, akwai ban-ɗaki a wurin, ku yi amfani da shi don gaba babu. Daga nan wani siririn lungu mai katanga biyu zai gangara da ku zuwa kogin Wharfe, inda ruwa ke zubowa ta kan duwatsu a Linton, da gadar ƙafa a kai. In an yi ruwan sama kwanan nan, ruwan kan zo ja-ja kamar shayi saboda ƙasar tuddan da ya ratso, ƙararsa ta hana ku jin maganar juna. Kada ku haye. Ku bi gefen kogin yadda ruwa ke tafiya. Wannan ɓangare ne na doguwar hanyar Dales Way, mai mil 80 daga Ilkley zuwa tafkin Windermere, don haka alamominta a bayyane suke. Za ku ratsa makiyaya, ku shiga jerin manyan itatuwa a bakin ruwa, ku iso wata siririyar gada mai lilo kusa da Hebden wadda maƙerin ƙauyen ya ƙera a 1885. Mutum ɗaya take ɗauka a faɗi, tana motsi a ƙarƙashin ƙafa, yara kan so a maimaita. Bayan ita sai kogin ya shiga tsakanin duwatsu, sai ga Burnsall da gadarta mai baka biyar da fili a bakin ruwa inda ake zama a ci abinci. Zuwa kimanin kilomita 5 ne. Motar Burnsall ba abin dogaro ba ce, don haka ku shirya komawa Grassington da ƙafa. In yaran ƙanana ne sosai, ku juya daga gada mai lilo.

A wannan hanya za ku fara haɗuwa da matakalan katanga, wato duwatsun da aka bari sun ɗan fito a jikin katanga don a taka a haye, wani wurin kuma tsaga ce siririya da mutum ke matsewa ya wuce amma tunkiya ba ta iyawa. Keken yara ba ya aiki a nan, goyo ya fi. Uwargida kuma ta san doguwar abaya mai jan ƙasa za ta sha taɓo ta kuma riƙa maƙalewa. Wando mai faɗi da riga zuwa gwiwa da hijabin da iska ba za ta ɗauka ba sun fi sauƙi. Ƙyaure kuwa ka bar shi yadda ka same shi: in a rufe yake ka rufe, in manomi ya buɗe ya tokare to da dalili.

Tumaki ba ruwansu da kai. A watan Maris da Afrilu suke haihuwa, ka hana yara bin 'ya'yan ko ɗaukarsu, ko da an ga ɗaya shi kaɗai yana kuka, uwar na kusa. Shanu ne abin lura. Wanda ya taso cikin shanun gida kan raina na nan, alhali waɗannan ba makiyayi a tare da su, kuma saniya mai ɗan maraƙi na iya taka mutum, ana samun mutuwa a haka. Kada ka bi tsakanin uwa da ɗanta, ka zagaye garken daga nesa ko da za ka kauce hanya kaɗan, ka san inda mafita take kafin ka shiga filin, kuma kada ku ruga. Ƙananan bijimai kan biyo mutum don son gani kawai. Tafiya a natse ta fi. Karnuka kuma za ku gamu da su ba adadi, don kusan kowane mai yawo da nasa. Mafi yawa ba sa cizo, shinshina ce damuwarsu. In ba ka so ya taɓa ka, ka tsaya cik ka ce wa mai shi ya riƙe, za su riƙe ba tare da jin haushi ba. Ka gaya wa yara tun a gida cewa gudu ne ke sa kare bi. Da kun dawo a duba ƙafafu da bayan gwiwa ko kaska ta maƙale, musamman in an ratsa doguwar ciyawa, don takan sa cuta.

A ƙasan kogin Wharfe ɗin nan akwai Bolton Abbey, kangon wani gidan ibada na ƙarni na 12, wuri mai kyau ƙwarai amma motarsa ƙalilan ce, sai ka dace da rana. In kun je, akwai inda ake kira Strid, inda kogin gaba ɗaya ke matsewa ya koma kamar taku biyu. Ido na ganin ana iya tsallakewa. Ruwan da ke ƙasa mai zurfi ne, ya rarake duwatsun ta ciki, gefen kuma da santsi, ya ci mutane da dama. A kalla daga nesa, yaro a hannu.

Hoton da ka fi gani, ina kyautata zato, na Malham ne: farin bangon dutse mai lanƙwasa, tsayinsa kimanin mita 80, da ɗan rafi na fitowa daga gindinsa. Ruwan ƙanƙarar da ta narke a ƙarshen zamanin sanyi ne ya taɓa zubowa ta kansa. Daga ƙauyen zuwa gindin dutsen kamar mil 1 ne a hanya mai kyau. A gefe akwai matakala wajen 400 zuwa sama, kuma saman ne abin kallo: shimfiɗar farin dutse da ruwan sama ya yayyanka gunduwa-gunduwa, tsakaninsu ramuka masu zurfi da ƙananan ganyaye ke tsirowa a ciki inda tumaki ba sa kaiwa. Wasu gunduwoyin na motsi in an taka. In dutsen ya jiƙe santsinsa ba kama, ba shinge kuma a baki. Ni ba na hawa da yaron da bai kai ya ji "tsaya" ya tsaya ba. Zagayen da aka saba yi, wanda ya haɗa da ƙaramar magangarar ruwa ta Janet's Foss da kwazazzabon Gordale Scar, kimanin kilomita 8 ne. Shiga Gordale kaɗai ya isa dalilin zuwa: kana tafe a fili, ka sha kwana, sai ka tsinci kanka tsakanin bangaye biyu da suka kusa haɗewa a sama, ruwa na ɗiga a kanka.

Matsalar Malham mota ce. Daga Skipton 'yan ƙalilan ne a rana, kuma ta komawa kan tashi da wuri. Ranar Lahadi da ranakun hutu, musamman da bazara, akwai ƙarin motocin DalesBus, waɗanda wata ƙungiyar 'yan sa-kai ke shiryawa. Ga manya masu ƙarfin ƙafa akwai mafita: a je da motar safe, a ga dutsen, a dawo da ƙafa ta gefen kogin Aire zuwa Gargrave, kimanin kilomita 10 ko 11, inda akwai jirgi da kuma mota mai lamba 580 da ke tsakanin Settle da Skipton. Wannan hanya ɓangare ce ta Pennine Way, mai mil 268, wadda a kan tudun Malham ɗin nan aka yi bikin buɗe ta a 1965. Da yara ƙanana kuwa, ku tsaya kan jadawalin mota, ku kasance a tasha minti 10 kafin lokaci. Kuma ka ɗaga hannu in ta taho. Direban ƙauye in bai ga hannu ba yana iya wucewa.

Wajen lissafin lokaci, masu hawan tuddai na amfani da wani tsohon ƙiyasi: awa 1 ga kowace kilomita 5, a ƙara awa 1 ga kowace mita 600 ta hawa. Wannan na ƙaƙƙarfan mutum ne da ba ya tsayawa. Da yara ka ɗauka kilomita 2 a awa, ba za ka yi nisa da gaskiya ba. Sai hasken rana: a Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan tara da rabi na dare, a Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu duhu ya fara, kuma da an mayar da agogo baya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba yammar kan gajarce farat ɗaya. Tocila a jaka ko da ba ka yi niyyar kai dare ba.

Wannan gajartar rana ta shafi salla. Da hunturu azahar da la'asar da magariba duk suna iya riskar ku a waje. Ku fito da alwala, ku riƙe 'yar shimfiɗar roba mai naɗewa don ƙasa a jiƙe take kusan kullum, alƙibla kuma daga nan tana kudu maso gabas. Bayan katanga inda iska ba ta bugu ya fi daɗin tsayuwa. Masu wucewa ba sa damun mutum, iyakarta su gaisa su wuce, don a hanyar karkara gaisuwa al'ada ce ko ba a san juna ba, saɓanin cikin gari. Guzuri ku taho da shi daga Bradford inda halal ke ko'ina. A ƙauyuka zaɓi kaɗan ne, kuma abincin da Skipton ta yi suna da shi na naman alade ne, a tambaya kafin a saya. Fulas ɗin shayi mai citta ya fi komai amfani. Ruwan rafi duk kyansa kada a sha, ba ka san abin da ya mutu a sama ba. In kuna son fita cikin jama'a, akwai ƙungiyar Muslim Hikers da ke shirya tafiye-tafiye a sassan ƙasar, akwai kuma ƙungiyar masu yawon ƙafa ta Ramblers mai rassa a kusan kowane gari.

Tufafi ba sai masu tsada ba. Rigar ruwa ta gaske ga kowa, takalmi mai kaushin ƙasa, safa mai kauri da ta canji, riguna marasa nauyi biyu ko uku da za a iya cirewa a mayar. Wandon jins da rigar auduga in sun jiƙe ba sa bushewa, sai su riƙa zuƙe ɗumin jiki. Lema ba ta da amfani a tudu, iska za ta juya ta. Hasashen yanayin Bradford ba shi ne na kan tudu ba. Hukumar Met Office na fitar da na tuddan Yorkshire Dales daban, shi za ka duba. In wani ya ji rauni inda mota ba ta zuwa, ka kira 999, ka nemi 'yan sanda, ka ce masu ceton kan dutse kake so. 'Yan sa-kai ne, ba sa karɓar ko sisi.

Kuɗin tafiya ma da sauƙi in an san hanya. Yaron da bai kai shekara 5 ba kyauta yake hawa jirgi. Katin rangwame na iyali na rage wa babba kashi ɗaya cikin uku, yara kuma kashi 60 cikin 100, kuma ɗalibi mai cikakken karatu na iya samun katin matasa ko da shekarunsa sun haura 25. Tun farkon 2025 yawancin motocin bas a Ingila ba sa wuce fam 3 a hawa ɗaya.

In ƙafa ta saba, sai ku ƙara gaba a layin da ya tashi daga Settle zuwa Carlisle, wanda aka buɗe wa fasinja a 1876, aka so rufewa, jama'a suka tashi tsaye har gwamnati ta janye a 1989. Settle ma garin kasuwa ne, tasa Talata take ci. Daga can ana bin kogin Ribble kamar kilomita 4 zuwa Stainforth, inda a Oktoba da Nuwamba manyan kifaye ke tsalle suna haura magangarar ruwa don zuwa yin ƙwai. Sai an zauna an yi haƙuri, amma in ɗaya ya tashi kowa sai ya yi ihu. Gaba kaɗan akwai tashar Ribblehead, a tsakiyar fili ba gari, da doguwar gadar jirgi mai baka 24, tsayinta mita 32. Leburorin da suka gina ta a bukkoki suka zauna a wurin da iyalansu, sama da 100 suka mutu, wasu a haɗari wasu da cutar agana. Daga tasha zuwa ƙarƙashin gadar tafiyar 'yan mintoci ce, yara ma za su iya, sai dai tsakanin jirgi da jirgi kan kai awa biyu, iskar wurin kuma ba ta wasa.

Tuddai uku da suka yi suna a nan su ne Whernside mai mita 736, Ingleborough mai 723, da Pen-y-ghent mai 694. Na ƙarshen ya fi sauƙin kaiwa, daga tashar Horton-in-Ribblesdale ake fara shi a dawo nan, kimanin kilomita 10, kuma dab da ƙololuwa akwai inda sai an sa hannu an kama dutse. Wannan na manya ne, a rana mai haske tsakanin Mayu da Satumba, tare da wanda ya taɓa hawa. Abokan karatu za su zo maka da maganar haɗa ukun a rana ɗaya, mil 24 cikin awa 12. Ka ce musu sai baɗi.